ƊANƊANAWA MA SHA NE: DARASI A KAN GIYAR TURAWA MAI ƊACI DA DANGINTA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ba ɗan Adam hankali, Ya kuma hore shi da kiyaye shi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, wannan darasi naka ne, ko kana Nahuce, ko Bunguɗu, ko Tsafe, ko cikin garin Gusau. Wataƙila ka ce: to, mene ne haɗina da giya, ni da na tashi a jihar da doka ta hana sayar da ita? Gaskiya ne. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, dokar ta fara aiki ran 27 ga Janairu 2000, aka rufe gidajen giya. Da yawanku ma bayan wannan aka haife ku. Amma ka sani, dokar jiha a bakin iyakar jiha take tsayawa, kai kuwa ba nan za ka tsaya ba. Rashin zaman lafiya ya raba samari da yawa da gonakin iyayensu. Wani yana acaɓa a Legas, wani yana gadi a Abuja, wani yana wanke kwanuka a otel, wani hidimar ƙasa ta kai shi Kudu, wani kuma karatu ya kai shi har Ingila. A can babu 'yan Hisba, babu mahaifinka, babu limamin unguwarku.

Kuma kada ka zaci wanda zai fara miƙo maka kofin wani mashayi ne mai tangaɗi, mai warin baki. Da shi ne, da ka guje shi tun daga nesa. Wanda zai miƙo maka abokin aiki ne, ko abokin karatu, mai tsafta, mai fara'a, wanda wataƙila ya taɓa yi maka alheri. Ba zai ce maka zo mu bugu ba. Cewa zai yi: “Malam, ɗanɗana kawai. Wannan ai ba irin giyar da ka sani ba ce. Aikin hannu ce, ta gargajiyar Ingila, ba ta da ƙarfi, ɗanɗanonta ake ji, ba maye ake nema ba.” Wannan magana ita ce za mu warware, guntu-guntu.

MECE CE WANNAN GIYA?

Mutanen Ingila suna da wata giya tasu ta gado da suke kira bita, ma'ana mai ɗaci. Ga yadda ake yin ta. A jiƙa sha'ir har ya fara tsiro, sai a gasa shi a hankali don tsiron ya tsaya. A ɓarza shi, a zuba cikin ruwa mai zafin da ya kai wajen 65 a ma'auni, a bar shi kamar awa guda. A nan ne garin da ke cikin ƙwayar yake juyewa ya zama ruwa mai zaƙi. Sai a tace, a tafasa shi tare da furen wani tsiro mai yaɗo da suke kira hops, wanda shi ne yake kawo ɗacin da ƙanshin. In ya huce a zuba yis. Yis ɗin nan wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, abincinta zaƙi ne. Cikin 'yan kwanaki sai ta cinye zaƙin, ta fitar da abu biyu: iska mai kumfa, da kuma ruhin giya, wanda masana ke kira itanol. Shi ne yake hawa kai.

Suna ji da ita ƙwarai. Garin Burton ya yi suna a kanta saboda irin ruwan rijiyoyinsa, kuma can aka kafa kamfanin Bass tun 1777. A 1971 har ƙungiya suka kafa, mai suna CAMRA, don kare giyar ganga ta gargajiya daga ta manyan kamfanoni. Ka ji fa, ƙungiya guda, da rassa da mujallu da taron shekara, duk don kira zuwa ga kofi! Daga baya ƙananan gidajen dafa giya suka yawaita a Ingila da Amurka, kowa yana alfahari da cewa tasa ta hannu ce. Abin ya iso ƙasar nan. A 2017 an buɗe irin wannan ƙaramin kamfani a Abuja, daga baya ya koma Legas, kuma sunan Hausa aka raɗa masa, Bature. Cikin giyar da ya yi har da wadda aka sa wa zoɓo.

Masu wannan harka suna da ladubbansu na ɗanɗanawa. A zuba a ɗan ƙaramin kofi, a ɗaga shi wajen haske a duba launi, a shinshina, a kurɓa kaɗan, a juya a kan harshe, a haɗiye, sa'an nan a zauna ana siffantawa: wannan tana ƙanshin zuma, waccan tana ƙanshin ɓawon lemo, wata kamar gasasshen burodi. Mutum in ya ji su sai ya ɗauka shayi ake magana.

To, yanzu bar Ingila, dawo gida. Tambayi kowane tsoho a ƙasar nan yadda Maguzawa suke dafa burukutu. Zai ce maka: a jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a tace, a zuba tsohuwar giya kaɗan a ciki, a bar ta kwana biyu tana tafasa ba wuta. Ina bambancin? Can sha'ir, nan dawa. Can tukunyar ƙarfe mai walƙiya, nan tukunyar ƙasa. Can kofin gilashi, nan ƙoƙo. Amma abin da yis yake fitarwa a Burton shi ne dai yake fitarwa a bayan dutsen ƙauye, babu ko ɗigon bambanci. Har ƙarfinsu ma kusan ɗaya ne: bita tana ɗauke da wajen kashi 3 zuwa 5 da 'yan kai cikin 100, burukutu kuwa wajen kashi 3 zuwa 6. Saurayin da zai ji kunyar a gan shi tsugune gaban tukunyar burukutu, yaya za a yi ya ji girma don an ba shi ita cikin gilashi da sunan Turanci?

ABIN DA SHARI'A TA CE

Allah Maɗaukakin Sarki bai haramta giya rana ɗaya ba, domin Larabawa sun tashi cikinta. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Ya bayyana cewa akwai ɗan amfani a cikinta amma zunubinta ya rinjaya. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, Ya hana tsayawa salla cikin maye. Sa'an nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya yanke magana: Ya haɗa ta da caca da gumaka, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umurni a nisance su. Lura da kalmar da kyau. Umurnin na nisanta ne, kuma nisanta ta fi hana sha faɗi. Wanda aka ce ya nisanci rijiya ba zai zauna bakinta yana lilo da ƙafa ba, balle ya leƙa da harshe.

Anas ɗan Malik (R.A.) ya ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa shi ne yake zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha ranar da mai shela ya sanar da haramcin. Nan take aka ce ya fita ya zubar, har ta gudana a lungunan Madina. Ba wanda ya ce bari in ƙarasa na hannuna. Kuma abin da suke sha ran nan na dabino ne, ba na inabi ba.

Wannan ya kawo mu ga shubuhar farko. Idan wani ya ce maka giyar da Alƙur'ani ya hana ta inabi ce, wannan kuwa ta hatsi ce, sai ka ce masa an riga an yi wannan tambaya tun Manzon Allah (S.A.W.) yana da rai. Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa wani mutum ya zo daga Jaishan, a ƙasar Yaman, ya tambaya game da wani abin sha da suke yi da dawa, suna ce masa mizru. Dawa fa, irin wadda kake nomawa! Annabi (S.A.W.) bai tambaye shi launinsa ko ɗanɗanonsa ba. Abu guda ya tambaya: yana sa maye? Da mutumin ya amsa da i, sai ya gaya masa cewa hukuncin duk mai sa maye haramci ne. Haka Abu Musal Ash'ari (R.A.) ya tambaya game da na zuma da na sha'ir, amsar ba ta sake ba. Sayyidina Umar (R.A.) kuma ya hau mumbari ya lissafa abubuwa biyar da ake yin giya da su a zamaninsu, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, ya ce ma'auninta shi ne lulluɓe hankali. To, bitar Ingila da sha'ir ake yin ta, an ambace ta da sunan ubanta.

Shubuha ta biyu ita ce ta sanyi da wahala. Za ka ji ana cewa ƙasar sanyi ce, dole a ɗan sha don jiki ya ɗumama, ko kuma aikin ƙarfi ne, sai da ita. Wannan ma an riga ka. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Dailamul Himyari (R.A.) ya kawo wannan uzuri daidai: ƙasarsu sanyi, aikinsu mai tsanani, suna yin wani abin sha da alkama don su sami ƙarfi. Aka tambaye shi ko yana sa maye, ya ce i, aka ce su bar shi. Likitoci kuma sun bayyana cewa ɗumin nan yaudara ne. Giya tana buɗe jijiyoyin jini na fata, sai mutum ya ji zafi a waje alhali zafin cikinsa fita yake yi.

Sai babbar shubuhar, wadda ita ce dalilin wannan darasi: kaɗan ne, kurɓi ɗaya ba ya bugarwa. Ka riƙe wannan ƙa'ida, wadda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Jabir (R.A.): shari'a ba ta auna kurɓin da ka yi, tana auna abin da ke cikin tulun ne. Idan mai yawansa yana bugarwa, to ɗan kaɗan ɗinsa ma an hana. A kan haka mazhabar Imamu Malik take. Duba Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, babin haddi: bulala 80 ce ga wanda ya sha abin maye, ya bugu ko bai bugu ba.

Ba za mu ɓoye maka ba, don kada wani ya zo maka da shi ya ruɗe ka: an samu wasu malaman Kufa na farko, cikinsu har da Imamu Abu Hanifa, da suka yi sauƙi a kan ɗan abin da bai kai ga maye ba in ba na inabi ba ne. Amma almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani ya saɓa masa, ya bi hadisin, kuma da maganar Muhammadu ne malaman Hanafiyya na baya suke ba da fatawa. Malik da Shafi'i da Ahmad kuwa tun farko bakinsu ɗaya. Wanda ya tono maganar da masu mazhabar da kansu suka ajiye, don kawai ya sami hanyar kofi, ba ilmi yake nema ba.

In ya ce zai ɗanɗana ne ya tofar, sai ka ce masa mafi yawan malamai suna ganin giya najasa ce, mai hankali kuwa ba ya wanke bakin da yake karatun Alƙur'ani da najasa. Bayan haka su kansu masu ɗanɗana bita haɗiyewa suke yi, don a wurinsu ɗacin da ya rage a maƙogwaro yana cikin abin da ake aunawa.

Bari mu yi lissafi kuma, tunda an ce ba ta da ƙarfi. Kofin da ake sayar da ita a Ingila yana cin mililita 568. In tana da kashi 4 cikin 100, to akwai tsantsar ruhin giya kusan mililita 23 a kofi ɗaya. Ɗan ƙaramin ma'aunin wuski nasu, mai mililita 25, yana ɗauke da mililita 10 ne kacal. Ashe kofi ɗaya na wannan “mai sauƙi” ya fi ma'auni biyu na wuski. Hantar babban mutum kuwa wajen mililita 10 take iya tacewa a awa guda. Kuma ba a yi wannan giya don a sha kofi ɗaya a tashi ba. An rage mata ƙarfi ne don a daɗe zaune ana ƙarawa.

SU MA SUN GWADA

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan dabara ta “mai sauƙi ba ta da laifi”, mutanen Ingila sun gwada ta a matsayin ƙasa, sun ga ƙarshenta. A 1830 majalisarsu ta yi doka cewa duk mai gida da ya biya ɗan kuɗin lasin zai iya dafa giyar sha'ir ya sayar. Niyyarsu ita ce a janye talakawa daga barasa mai ƙarfi zuwa mai sauƙi. Cikin ɗan lokaci gidajen giya dubbai suka buɗe. Ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye na lokacin ma barasa mai ƙarfi kawai suke hanawa, suna ƙyale ta sha'ir. Sai a 1832 wani mutumin garin Preston, Joseph Livesey, shi da wasu mutum shida, suka sa hannu a kan alkawarin barin duk wani abin maye, mai ƙarfi da mai sauƙi, domin sun ga da idonsu cewa ma'aikaci yana buguwa da giyar sha'ir kamar yadda yake buguwa da waccan. Sun kai ga wannan ne bayan ɓarna mai yawa. Kai kuwa an ba ka shi kyauta fiye da shekara 1,400 da suka wuce.

Ɓarnar kuma ba ta ƙare ba. A 2022 mutum fiye da 10,000 ne suka mutu a Birtaniya da cututtukan da giya kaɗai ta jawo, mafi yawansu ciwon hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani gwargwadon sha da za a ce ba ya cutarwa. Ba don wannan muka bar ta ba, mun bar ta ne don Allah Ya hana. Amma ka riƙe waɗannan don ranar da wani zai ce maka ai likitoci sun ce kaɗan yana gyara zuciya.

Amurka kuma ta gwada hanawa da ƙarfin doka daga 1920 zuwa 1933, abin ya gagara, aka soke. Dokar ta shiga littafi, ba ta shiga ƙirji ba. Wannan gargaɗi ne gare mu mutanen Zamfara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara 5 yana zaga ƙasar Zamfara yana karantarwa tun kafin a kafa wata hukuma da za ta tsayar da haddi, kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa cin abin da aka ga dama da shan abin da aka ga dama, ba ruwan mutum da halal ko haram, cikin halayen sarautar da ya yaƙa. Saurayin da tsoron bulala kaɗai ya hana shi sha, ranar da motarsu ta wuce Tsafe ta shiga wata jiha, me ya rage masa?

ƊACIN DA KE CIKIN LEDA

Kai da ba ka je Legas ko Ingila ba, kada ka ce ka tsira, domin akwai wata mai ɗacin da ta fi waccan kusa da kai, ta kuma fi ta sharri. Mu Hausawa mun tashi da cewa abu mai ɗaci magani ne: maɗaci, shuwaka, darbejiya. To, ta wannan ƙofa aka shigo mana. Ana kawo wasu 'yan kwalabe da 'yan ledoji masu hoton saiwa da ganye, ana kiransu bitas, ana cewa maganin basir ne, maganin ciwon baya, maganin ƙarfin maza. Direba ya sha kafin ya tashi mota, ɗan dako ya sha, ɗan acaɓa ya sha, kowa yana cewa magani ya sha. Ɗauki kwalbar ka karanta da kanka, ko ka ba wanda ya iya. Da yawansu za ka ga an rubuta kashi 30, wasu har 40 da ɗoriya cikin 100. Wannan ya ninka bitar Ingila sau bakwai zuwa goma. Barasa ce tsantsa aka jiƙa itatuwa a ciki.

Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Malikil Ash'ari (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya ba da labarin wasu daga al'ummarsa da za su sha giya suna sauya mata suna. Muslim kuma ya ruwaito cewa Ɗariƙu ɗan Suwaid (R.A.) ya ce shi don magani yake haɗa ta, aka gaya masa cewa ita kanta cuta ce. In basir ke damunka, ga asibiti, ga kuma masu maganin gargajiya na gaskiya da ke jiƙa saiwa da ruwa ko su haɗa da zuma.

Amma fa kada a wuce gona da iri, a shiga haramta abin da Allah bai haramta ba, wannan ma laifi ne. Fura mai tsami, da kunun zaƙi, da zoɓo, da nono, duk halal ne, ko tulu guda ka sha ba za ka bugu ba. Sai dai in an bar kunu ko zoɓo mai sukari ya kwana biyu ko uku cikin zafi, har ya fara kumfa da kansa yana wani wari mai hawa hanci, to ka zubar. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa ana jiƙa wa Annabi (S.A.W.) zabibi, ya sha ran nan da gobe da jibi zuwa yamma, abin da ya wuce haka ba ya ajiye shi. A zafin Zamfara na watan bazara ma ba ya kai haka. Lemon malt irin su Maltina, wanda aka fara yi a 1976, shi ma da hatsi mai tsiro ake yin sa, amma ba a bar yis ya mai da shi giya ba, ba ya bugarwa, shan sa ba laifi. Sai dai akwai wadda ake dafawa ta zama giya sosai sa'an nan a zare mata ruhin, a sayar cikin kwalba mai kama da ta giya, wani lokaci da ɗan saura har rabin kashi ɗaya cikin 100. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kanta. Shawararmu ka bar ta, domin tana koya wa harshenka ɗanɗanon giya, kuma wanda ya gan ka da kwalbar ba zai tsaya karanta rubutun jikinta ba.

MANOMI, DA MA'AIKACI, DA WANDA YA RIGA YA FAƊA

Akwai wata mas'ala da ta shafi gonarku kai tsaye. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, da sha'ir ɗin waje ya fara. A 1988 gwamnati ta hana shigo da sha'ir mai tsiro, sai kamfanonin giya suka juya ga dawa da masara, dawa kuwa a Arewa ake noma ta. To, manomin da ya kai buhunsa kasuwa ya sayar wa mai saye, bai san inda za a kai ba, babu komai a kansa, dawa abinci ce, ba a kuma ɗora masa bin diddigin kowace mota ba. Amma in dillali ya zo ya faɗa maka ƙarara cewa ta gidan giya ce, ko ka san haka tabbas, to malamanmu na Malikiyya sun hana, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san matsewa zai yi. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa mutum goma aka la'anta a kan giya, mai sha ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran sun haɗa da mai matsewa, da mai ɗauka, da mai zubawa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta.

Wannan hadisi shi ne amsar ɗan'uwan da yake aikin otel. Shara da gadi da wanke ɗaki aikin halal ne. Ɗaukar tire da kwalabe zuwa tebur kuwa ya shiga cikin goman nan. Ka je ka sami shugabanka da ladabi ka roƙi a sauya maka sashe, sau da yawa ana yi in mutum ya san aikinsa. In an ƙi, ka fara neman wani tun yau, kada ka zauna kana cewa sai wata rana. In kuma liyafar wurin aiki ce ko ta makaranta, ka gaisa da mutane ka ci abincinka a wani gefe, kada ka zauna teburin da kofi ke zagayawa, don wannan ma an hana. Kuma ba sai ka yi doguwar muhawara ko ka ɓata fuska ba. “Na gode, ni Musulmi ne, ba na sha,” ta isa. Faɗe ta tun ranar farko, da murmushi. Wanda ya ce yau ba ya jin daɗi ne, gobe za a sake miƙo masa.

Saura wanda ya riga ya faɗa. Wataƙila abokinka ne, ko ƙanenka da ya dawo daga Kudu ka ga ya sake. Kada ka tona shi a majalisa, kada kuma ka tsine masa. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa bulala a kan giya, ran nan wani ya la'ance shi, sai Annabi (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Haddi aikin alƙali ne bayan shaida ko iƙirari, ba aikin samarin unguwa ba ne. In ya ji hadisin da ke cewa ba a karɓar sallar mashayi kwana 40, sai ya ce to bari ya daina sallar, gaya masa malamai sun ce ladan ne ake hana shi, wajibcin yana nan a wuyansa, kuma hadisin da kansa ya buɗe ƙofar tuba. Ka ja shi masallaci, ka raba shi da abokan da suke saya masa.

In kuwa ya daɗe yana sha kullum har jikinsa ya saba, ka kula: yankewa farat ɗaya tana iya kawo masa karkarwa da zufa da gane-gane, har da faɗuwa irin ta farfaɗiya, wani lokaci ta kai ga rasa rai. Wannan ba aljanu ba ne, kada a ɗaure shi a ɗaki ana duka. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, a gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, da yawansa, da ranar da ya sha na ƙarshe.